Ranar da aka zo gidanmu neman maganin kansa

Shekarar da na fara digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, na zo hutu Lafia lokacin mangwaro. Wata rana bayan la'asar Baba ya tambaye ni abin da nake yi a ɗakin gwaji. Na ce masa wasu magungunan kansa, wato ciwon daji, ba sa narkewa a ruwa, sai an haɗa su da wani sinadari da zai ɗauke su cikin jini, kuma sau da yawa sinadarin nan ma yana wahalar da marar lafiya. Mu muna ƙoƙarin maganin ya dunƙule da kansa, ya zama ƙwayoyin da ido ba ya gani, ya isa wurin ciwon ba tare da ɗan dako ba.

Baba ya gyaɗa kai. Ashe abin da ya kai masallaci shi ne 'yarsa ta haɗa maganin kansa. Ban ga laifinsa ba. Tunda ya yi ritaya daga aikin gwamnati ba shi da hira sai tamu.

Ana nan sai ga wani dattijo Bafulatani daga wajen Arikya, wanda ya daɗe yana yi wa Baba kiwon shanu. Ya zo da matarsa a keke napep, da ƙwarya cike da man shanu. Mama ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, aka kira ni.

Matar ta rame, ta ja kallabi har gira don gashinta ya zube. Kansar nono ce. An fara yi mata ƙarin ruwan magani a asibiti, sai jikinta ya yi ta ƙaiƙayi, numfashi ya sarƙe, ta ce ba za ta koma ba.

Dattijon yana tsugune daga bakin zaure ya ce, "Likita, Alhaji ya ce naki ba ya wahalarwa. Shi muka zo karɓa."

Na ce, "Baffa, ni ba likita ba ce. Kuma maganin bai fito ba tukuna."

"Bai iso Lafia ba?"

"Ko'ina bai isa ba. Namu yana cikin kwalba, ko ɓera ba mu gwada wa ba."

Sanye nake da sabon leshi, ga agogo a hannu, sai na ji kamar kayan aro ne. Na kasa kallon Baba, wanda ke tsaye yana ta juya hularsa.

Matar ta taɓa gwiwata. Hausarta a hankali take fita. "Yarinya, ko kaɗan ne ba ni. In ya kashe ni, na yafe."

Na ce, "Goggo, wallahi ko ina da shi a jaka ba zan ba ki ba. Ban san abin da zai yi wa mutum ba."

Ta janye hannunta, ta gyara kallabi. Mama ta kawo kunun aya, ba wanda ya sha.

Abin da na iya kawai shi ne na raka su asibiti washegari. Na yi wa likitan bayanin abin da ya faru da ita, ya ce za su ba ta maganin da zai rage ƙaiƙayin kafin ƙarin ruwan, su kuma sassauta gudunsa. Na zauna gefenta har jakar ta ƙare. Sai da muka fito ta ce in gaida Mama.

Matar ta ci gaba da zuwa asibiti har damina ta yi nisa. Ina makaranta Mama ta kira ni ta ce Allah ya yi wa matar rasuwa. Baba ya je gaisuwa shi kaɗai a kan babur. Daga baya, in aka tambaye shi aikina, sai ya ce karatu nake yi.

Aikin namu har yanzu yana matakin gwaji. In na zo gida aka ce akwai baƙi a tsakar gida, nakan tambayi Mama su wane ne kafin in fito.