Mai Guntun Fiffike

Ranar da 'yata ta ce kada in je bikin ba da kyaututtuka na makarantarsu, ina zaune ina tsintar shinkafa. Ba ta faɗa kai tsaye ba, yaran yanzu sun fi ƙarfin haka. Cewa ta yi, "Umma, ai kina gajiya da aiki, ki bari Gwaggo ta je." Gwaggon ƙanwar babanta ce, doguwa, ƙafafunta biyu lafiya ƙalau. Ni kuwa shan inna ya taɓa min ƙafar hagu tun ina shekara uku, idan zan yi tafiya sai na dafa gwiwa, kafaɗa ɗaya na sauka ɗaya na hawa. Shekara tara ina kai yarinyar nan asibiti da kasuwa da gidan biki da wannan ƙafar, sai bana ta gan ta. Na ce mata to, na ci gaba da tsintar shinkafar da na riga na tsince.

A kwanakin nan ta manne wa wani katun a wayata. Ban taɓa kula ba, sai da yammacin nan waƙar farkonsa ta sa na ɗago kai. An sa mata ganga, an ƙara mata gudu, amma na san ta. Katun ɗinmu ne na Maigatari, garin da na tashi, aka yi wa sabon zubi.

Muna yara kawunmu direba ya kawo mana kaset ɗinsa daga Damagaram. Wasu halittu ne guda biyar, jiki na barewa, fiffike irin na balbela, suna zaune a kan wani dutse da ya wuce gajimare, aikinsu kai ruwan sama garuruwan da fari ya kama. Talabijin ɗinmu da batirin mota yake aiki, sai ranar Alhamis da rana, idan Baba ya tafi kasuwar dabbobi, muke samun kallo. Da Faransanci suke magana. Yayata, wadda ta girme ni da shekara biyar, ta yi shekara biyu a wajen kakarmu a Damagaram har ta shiga lakwal, makarantar bokonsu ta can, don haka ita ce mai fassara. Takan rage sautin har ƙasa ta ce wai sauti ne ke cinye batir, sannan ta zauna gefen talabijin ta riƙa yi mana muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Yara goma sha a ɗaki, ba mai tari.

A cikin biyar ɗin akwai wadda fiffikenta na hagu guntu ne, ba ta iya tashi. Yaya ta sa mata suna Guntuwa. Sauran su tashi sama, ita ta bi ƙasa tana tangaɗi, ta faɗi, ta miƙe, ta sake faɗuwa. Yaya ta ce mana da gangan take faɗuwa, kunne take kai wa ƙasa don ta ji inda ƙishi ya fi tsanani, in ba ita ba sauran ba su san garin da za su kai ruwa ba. Idan muka ga huɗun nan sun kewaye ta suna dariya, Yaya ta ce murna suke yi ta gano hanya. Wani wurin kuma sai ta danna gudu ta wuce, ta ce kaset ɗin ya tauna a nan.

Ban san yadda zan faɗi abin da wannan ya yi min ba. Yaran unguwa da ke kwaikwayon tafiyata a hanyar Islamiyya su ne ke zaune a ɗakin, kuma su ne suka koma faɗa a kan wa zai zama Guntuwa idan muna wasa. Yaya ta yanke hukunci cewa ni ce, ba canji. Na yi shekaru ina faɗuwa a rairayin ƙofar gidanmu da alfahari.

To, sai ga sabon a hannun 'yata. Na karɓa na duba. Na da zanen hannu ne, launinsa kamar zanen da ya sha wanki, barewar sirara kamar ta gaske, kuma sukan yi shiru su bar mutum ya ji iska. Waɗannan kuwa sheƙi suke yi kamar bokitin roba sabon saye, ido ya cinye rabin fuska, gashin ido zara-zara, baki ba ya hutawa. Ruwan saman ma sun daina kaiwa, gasar waƙa suke yi a kan dutsen. Na ƙirga su, biyar ne. Na ce ina mai guntun fiffiken?

"Wacce, Umma?"

Na kwatanta mata, mai tabo fari a goshi. Ta nuna min wata shuɗiya da ke gaban layi tana juyi a sama, fiffike biyu cif, har sun fi na kowa tsawo. Na ce da ba haka take ba, ɗaya guntu ne.

"Ai gara da suka gyara ta," in ji ta, ta karɓe wayar.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ɗora laifin duka a kan masu sabon zanen. Na ce su ne suka lalata min yarinya, sun cika mata ido da masu kyau har ba ta iya kallon uwarta. Na ƙudurta sai na nuna mata na asali kafin ranar bikin, ta ga Guntuwa yadda na gan ta, ta ce da bakinta, Umma ki zo. Yaya ta rasu wajen haihuwa a Sule Tankarkar tun 'yata ba ta yi wayo ba, kaset ɗin kuma ya bi tarkacen gidanmu. Sai na je wajen mai tura fina-finai a kasuwar Gumel. Sau uku ina hawa keke napep daga sakatariya inda nake aikin buga takardu, ina rera masa waƙar yana danne dariya, kafin ya samo. Ya ce na Turanci ya samu, babu na Faransanci. Na ce ai ya ma fi, ni da ita duk muna ji.

Ranar Asabar bayan la'asar na shimfiɗa tabarma, na jingina wayar da kwano, na kira ta. Na ce yau za ta ga katun na gaske. Ta zauna tana yatsina, wai launin ya mutu. Da Guntuwa ta fito tana tangaɗi sai na ji kamar na ga 'yar gidanmu a tasha.

Ta faɗi faɗuwar farko. Aka sa wani sauti na shaƙiyanci, irin na tulu ya fashe. Huɗun suka sauko suka kewaye ta, babbarsu ta ce, ga ta nan kuma, rabin tsuntsu. Suka kwashe da dariya. Babu maganar kunne a ƙasa, babu maganar ƙishi. Wuraren da Yaya ke cewa kaset ya tauna suka zo lafiya lau: a ɗaya sun ɗaura mata ganyen ayaba a fiffike sun turo ta daga dutse, a ɗaya sun manta da ita a rami har aka gama. Ita ce abin dariyar katun ɗin tun daga farko har ƙarshe, don haka aka zana ta.

'Yata kuwa ta saki jiki. Dariya take yi har da riƙe ciki, ta ce ashe na da ya fi ban dariya. Na miƙa hannu na kashe sautin, na ce batir yake ci. Na fara da muryar da na tuna, na ce kin ga, da gangan take faɗuwa, ƙasa take saurara.

"Umma, ba haka suka ce ba, ai na ji. Ki kunna." Idonta na kan wayar, tana share hawayen dariya. "Kalli tafiyarta don Allah, sak irin ta..."

Ta tsaya. A wayar Guntuwa ta miƙe ta sake faɗuwa, ba sauti.

Na daɗe ina jin haushin kowa. Masu na da sun zana ni don yara su yi dariya, masu na yanzu sun ga abin bai dace ba sai suka share ni gaba ɗaya, kuma na tabbata suna ganin sun kyauta. Katun ɗin da na yi shekara talatin ina taƙama da shi babu shi a kowane kaset, a bakin Yaya yake, yarinya 'yar shekara goma sha uku, wadda ta ji kowace kalma ta Faransancin nan ta haɗiye. Har ita na ji haushinta, don ta tafi ba ta gaya min ba, ta bar ni na ɗauki abin da hannuna na kai wa 'yata. Ina so in yi mata faɗa, ina so in yi mata godiya, ko kabarinta ban sani ba. Kuma ta yi wa yara goma sha abin da na kasa yi wa guda ɗaya da na haifa.

Ranar bikin na tashi da wuri na goge mata kayan makaranta da hijabi, na shafa mata mai, na sa mata kwalli. Gwaggo ta iso da keke, akwai wasu 'yan ajinsu biyu a ciki. Na raka 'yata har zaure. Ta juyo ta dube ni, ta dubi ƙofa, ba ta ce in tsaya ba, ba ta ce in fito ba. Na gyara mata wuyan hijabin na ce Allah ya ba da sa'a. Sai da na ji keken ya tashi sannan na leƙa.