Mage ya shiga teku

Gayu, na shiga ƙarƙashin teku, mita biyar, kuma na fito da raina. Duk wanda ke kirana Mage tun ranar da na gudu daga ruwan Tiga mai iya idon sawu, ya nemo mini wani sunan. Ga yadda aka yi.

Guangzhou, Alhamis

Biyar da rabi na asuba muka bar hostel, ni da Isufu ɗan Maraɗi, abokin ɗakina. Layin tikitin jirgin ƙasa zuwa Sanya kaɗai ya cinye mana safiya. Saboda Olamfik, sau biyu aka caje jakata. Ɗan sandan ya zaro wata hula mai aikin hannu, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya mayar.

"Hula kuma a teku, mutumina?" in ji Isufu.

Na ce, "Cikin tabarau da baƙar rigar roba kowa kowa ne. In ba ita, 'yan Fagge cewa za su yi hoton wani na sato."

Wajen uku na yamma jirgin ƙasa ya tashi. Da muka kai bakin ruwa sai aka raba shi gida-gida aka tura cikin jirgin ruwa, muna zaune a ciki. Ban leƙa taga ba. Isufu ya ce addu'ata har tarago na gaba ana ji. Sharri ne.

Sanya, Juma'a

Da asuba muka sauka. Muka sami ɗaki kusa da masallacin Musulmin garin, muka narki taliyar hannu da naman sa, muka kora da ruwan kwakwa. Bayan masallaci muka je muka yi buking na shiga ƙarƙashin teku.

Asabar

Tara da kwata kwalekwale ya kai mu wurin, tafiyar minti ashirin. Mai koyarwar, wani gajeren Basine da rana ta ƙone, ya goya mini tukunyar iska, ya ɗaura mini dalma a ƙugu. Dalma fa, ga mai tsoron nutsewa. Yana hango hular ya girgiza kai.

Ya ce, "Meyo," wato babu.

Na ce, "Laoban," wato maigida, "hoto ɗaya tak."

"Meyo."

Yana juyawa Isufu ya cusa mini ita cikin rigar robar.

Minti biyar na farko, gaskiya na raina kaina. Na ƙanƙame igiya, ina zuƙar iska kamar tsohon janareto. Laoban ya kamo tukunyata ta baya ya ja ni ƙasa kamar akuyar Sallah. Da na buɗe ido sai na manta da tsoro. Murjani ko'ina, wani kamar ƙahon barewa, wani sak ƙwaƙwalwar sa a teburin mahauci. Kifaye shuɗi da rawaya, wani ma ya sha zanen zebra.

Mai kyamara ya iso. Na zaro hula na kafa, na danne da hannu ɗaya don sama take son yi. Abin da ban lissafa ba, hular ta sha sitaci wajen mai wanki. Sitacin ya fara narkewa, kifaye suka yo kaina kamar ana rabon abinci. Isufu ya yi dariya har ruwa ya shige masa tabarau. Nan aka ɗauka.

Da muka fito Laoban ya hau faɗa, ya kalli hoton, ya roƙi kwafi.

Guangzhou, Litinin

Goma na safe muka shigo ɗaki, alhamdulillahi. Na gode wa Isufu, sannan na tura wa ƙanwata Ummi hoton ta imel. Da la'asar agogon gida ta kira, tana ƙunshe dariya.

"Yaya, na wanko shi na kai majalisarku. Suka ce ba kai ba ne, wai fuska ba ta fito ba. Sai ga Baba zai wuce masallaci, ya karɓa ya duba."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce shi ne, ja'irin. Wai hularsa ce ta Juma'a, shekara biyu yana zargin mai wanki."

Eh, ita ce. Ranar da zan taho na are ta, na manta ban faɗa ba. Yanzu ta zama kamar tsumman goge tukunya, kuma Baba ya ce in kira shi gobe.

To, shaida dai ta fito daga bakin da ba mai ƙaryatawa. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa na gaba, musamman 'yan ajinmu da suka je Tiga. In kuma kun haɗu da mai wankin, ku ba shi haƙuri.