Namadi da A-ji-garau

A Fakku, in aka kira gayyar noma Namadi bai zo ba, makaɗa ma sanyi-sanyi suke kiɗan. Shekara goma sha biyu shi ke riƙe da gaba. Kafin wani ya kai rabin kuyyarsa, shi ya kai ƙarshen tasa ya tsaya yana tauna goro, wai jiran jama'a yake yi. Ba shi da shanu, ba shi da sarauta, kyan fuska kuwa kada ma a tayar da zancen. Gaban nan shi ne dukiyarsa duka.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, gwiwa ta fara yi masa gardama, samari suka fara taka masa dunduniya. A kasuwar Tambuwal wani mai tallan magani ya nuna masa 'yar ƙwaya fara, wai ita a-ji-garau, ya rantse masa ko direbobin Sakkwato da ita suke kai lodi. Namadi ya haɗiya, ya ji garau ɗin kuwa.

Masu shanta a garin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na damina, waɗanda da an ɗaure damin gero sun manta da ita. Akwai Almu tela, da ke sha don sallah ta matso ɗinki ya taru. Sai kuma wanda ita ke shansa, kuma wannan matsayi Namadi ya haye shi cikin shekara guda, da yake shi ba ya son zama baya a komai. Daga ɗaya ya koma uku. Barci ya ƙaurace masa, tuwo ya zama abokin gaba, ya fara zargin ana binne masa asiri a gona. Ranar da bai samu ba kuwa sai ya kwanta ya juya wa duniya baya. Matarsa Atu ta ce iskokin fadama ne, ta ƙarar da turaren hayaƙi a ɗakin. Da ta tambaye shi abin da yake saurare tun safe, ya ce, "Kiɗi nika ji, Atu. Ke ba ki ji?"

Daminar nan Lauwali maƙwabcinsa ya karye a ƙafa, aka kira masa gayyar noman farko. Namadi ya haɗiyi huɗu ya sunkuya. Wallahi ranar ya yi gudun da ba a taɓa gani ba. Makaɗa sun ajiye ganguna tuntuni, ana ta ƙwala masa kira, shi kuwa nasa kiɗan bai tsaya ba. Sai a ƙarshen kuyya ta biyar ya miƙe ya waiwaya. Ya share ciyawa, ya share geron Lauwali, fes, ko tsiro ɗaya bai bari ba.

Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka a gaban matan da suka kawo fura.

Malamin asibiti a Tambuwal ya gaya wa Atu ba iskoki ba ne, ƙwaya ce ta taɓa masa kai, kuma ba shi ne na farko da aka kawo masa ba. Wata uku Namadi ya yi yana barci da baƙin rai kafin kiɗan ya lafa.

Da damina ta zagayo, aka aiko masa da goron gayya kamar kullum. Dattawa suka nuna masa kuyyar gefe, ta bakin iyaka, suka ce irin wannan sai gwani. Namadi ya duba ya ga ba a shuka komai a kanta ba. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya nome ta tas, kuma shi ya riga kowa kai ƙarshe.