Maman Amira da Littafin Masu Tari

Shekara tara ke nan da rasuwar aminiyata Binta, Maman Amira, amma a bana, da murna na zo waiwayen.

A unguwar Sri Petaling muka haɗu, can ƙasar waje, mazanmu suna karatu, mu muna zaman gida a saman bene. Da tarin fuka ya kama ni, ƙafa ta ɗauke. Likita ya ce na daina yaɗa cutar, amma matan unguwa sai su ajiye min abinci a bakin ƙofa su juya. Abin ya fi tarin ci mini rai.

Sai ga Binta da wani ƙaton littafi da ta tsinto a shagon tsofaffin littattafai a unguwar Brickfields. Wani Bajamushe ne ya rubuta shi, labarin masu ciwon huhu da ke jinya a kan dutse mai ƙanƙara. Takan karanta da Turanci, ta ba ni da Hausa, har da kwaikwayon muryar likitoci.

"Maman Sadik, dube su," in ji ta. "Suna tari, suna cin abinci kamar gara, suna gardama, har da soyayya. Ke kuma kin kwanta kina jiran Mala'ika."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ashe tana ɗanɗana wa sauran matan labarin, sai ya yi daɗi ta tsaya. Mai son ci gaba, ta ce, ta zo falona. Suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, suna zama nesa da ni. Kafin in gama shan magani, ana rigimar wurin zama a kan kujerata. Zumunci a ƙafa yake, Binta ce ta jawo ƙafafun.

Da tana nan yau, me za ta ce da matan da kowacce ta duƙufa a kan waya? Ina jin ƙwace wayoyin za ta yi, ta buɗe shafi.

Ga albishir ɗin. Amira, wadda a da ake yi wa Hausa ta amsa da "boleh", wato "to" a yaren mutanen ƙasar, ta kira ni makon jiya: "Anti, na gama. Ɓangaren huhu zan bi." Likita! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Zazzaɓi ya ɗauke Binta a Kano, Allah ya jiƙanta. Abin da ta bari shi ne, har yau mace ba ta jinya ita kaɗai a unguwarmu. Ni kuwa na yanko yadi a titin 'yan yadi, Jalan Tuanku Abdul Rahman. Ranar yaye su Amira, ni zan zauna a kujerar uwa.