Tulun da Kaka Ta Fasa Tun La'asar

A gidanmu na Butalbagar, a Njamena, ba a cin tuwon dare a watse. Da an sauke tukunya, Kaka Mairo, mahaifiyar babanmu, takan ja tabarmarta kusa da murhu, ta ɗora butar shayi a kan ragowar garwashi, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta. A titi Larabci muke yi, a lekol, wato makarantar boko, Faransanci, don haka a bakin murhun nan ne Hausa take miƙe ƙafa. Mahaifin Kaka ya taso ne daga ƙasar Katsina da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya zauna. Bai bar mata gadon komai ba sai tatsuniyoyi, kuma babban tsoronta shi ne kada su ƙare a kanta.

Ina 'yar shekara tara wani mutum ya buɗe gidan bidiyo a bayan layinmu. Zana ce kawai aka kewaye, da bencina, da talabijin ɗaya, da janareto mai tari. Kafin fim ya fara, kaset ɗin yakan nuna tallan waɗansu finafinai, kuma mai gidan yakan bar yara su kalli wannan kyauta kafin ya kore su. Yayana Sani ne ya fara ɓacewa, sauran suka bi shi. Cikin sati biyu ni kaɗai na rage a tabarma, ni ma ba don biyayya ba, don dai ba a barin yara mata fita bayan magariba ne. Kaka tana ba ni labari tana kallon ƙofa, abin ya riƙa ba ni tausayi.

Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Wata safiya ta tare Sani, ta kira shi da sunan da take tsokanar jikokinta maza.

"Kai Maigida, me ake ba ku a can, har ka saki tsohuwar matarka?"

"Kaka, ai a tallan nan komai ake nunawa. Da duka, da kuka, har inda mugu yake faɗowa daga bene."

"To in kun ga ƙarshen, me kuke komawa nema?"

Sani ya sosa ƙeya. "Mu ga yadda aka yi ya hau benen mana."

"Kalas, shi ke nan," in ji Kaka. "Na gane."

Da la'asar yara suna ƙwallo a ƙofar gida, sai ga ta da faifanta tana tsince shinkafa. Ta ɗaga murya: "Yau wata mata za ta fasa tulunta guda ɗaya tak da hannunta, ana tsakiyar fari, garin duka kuma ya yi mata guɗa!" Ta shige gida abinta.

Na bi ta ina huci. "Kaka, kin ɓata labarin!"

"Ke dai zo ki ji abin da na ɓata."

Ran nan tabarma ba ta ishe mu ba. Sani dai ya tsaya a bakin zaure, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, wai shi ba zama zai yi ba. Kaka ta kurɓi shayi ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku, ko da yake kun riga kun ga wutsiyarta."

An yi wani gari, in ji ta, da koginsa ya ƙafe. Wata matalauciya mai suna Ladi, mai makauniyar uwa, ta je tonon yashi neman ruwa, sai ta tono tulu a cike, wanda duk yawan ɗiba ba ya raguwa. Mutanen da a da ba sa amsa gaisuwarta suka koma layi a ƙofarta, kowa da kwanon hatsi, uwarta ta ci ta ƙoshi. Ruwan sha ya samu, amma gonaki suna ta mutuwa, don ludayi ba ya shayar da gona. Wata rana uwar ta kara kunne a jikin tulun, ta ce, "Ladi, kukan kwaɗi nake ji, da waƙar masunta. Koginmu ne a ciki." Ladi ta kwana uku tana kallon tulun, tana kallon uwarta. In ta fasa, gari ya rayu, su kuma su koma gidan jiya.

Abin mamaki, duk mun san za ta fasa, amma sai ga mu muna roƙo, "Kada ki fasa, Ladi!" Da Ladi ta ɗaga taɓarya, Kaka ta maka wa wata ƙwarya da ke gefenta hannu, muka zabura gaba ɗaya. Sai a lokacin na lura Sani yana zaune dab da murhu, wandonsa har ya fara ƙauri.

Ba zan ce Kaka ta kashe gidan bidiyo ba. Ranar Asabar ko ita ta san ba ta da kasuwa. Amma sauran kwanakin, tallanta na la'asar ya dawo mata da mutanenta.

Talla na ƙarshe da ta yi mana, na riga na yi aure a unguwar Lamaji, Sani kuma ya buɗe shagon sayar da finafinai. Mun zo gaishe ta, ta ce, "Damina mai zuwa ba da ni za a yi shuka ba." Na fashe da kuka, na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce, "Na gaya muku ƙarshen ne don ku zo ku ji sauran." Muka kuwa zo, kusan kullum, Sani da rikodarsa, muka kwashe tatsuniyoyinta kaset bayan kaset. Sai da ta ga damina biyu kafin Allah Ya karɓi abinsa. In muka tuna mata, sai ta ce ai talla ne, dole a ɗan ƙara gishiri.

Har yau Sani yana mitar cewa masu tallan fim sun cika zubar da komai a faifai. Nakan ce masa wani lokacin yana da gaskiya, amma laifin ba a nuna fashewar tulu yake ba. Wanda ya nuna maka abin da ke cikin tulun, shi ne ya cuce ka. Ni sanin ƙarshe bai taɓa rage mini komai ba, shi ya sa ma na zauna da Kaka tun da sauran lokaci.

Kwanaki da la'asar na ga 'yata Mairo ta manne wa talabijin, sai na leƙa na ce mata yau wata mata za ta fasa tulunta. Ta turo baki, ta ce na ɓata labarin. Ko sallar magariba ban idar ba na ji tana jan tabarma zuwa murhu, da 'ya'yan maƙwabta biyu a bayanta, ɗayansu ko Hausa ba ya ji.