Mai Roƙo da Mai Duba Rumbu

A ƙauyenmu da ke bayan Ƙafur, in an kwaso masara, bayan magariba kowa tsakar gida yake zama ana ɓara. Kakata Dije ta hura wuta da totuwa, ta miƙe ƙafa, ta ce, "To ga ta nan, mai gyangyaɗi ya rasa rabonsa." Ni take kira Maigida, don tsokana.

Akwai tatsuniyar da ta sha maimaitawa. Wai wani manomi ke neman mai kula masa da rumbuna, mutum biyu suka zo. Na farko ya durƙusa har ƙasa, ya ce shi maraya ne, ga iyali, a taimake shi saboda Allah. Manomi ya tausaya, ya cika masa kwano da dawa ya sallame shi. Na biyu ya gaisa a taƙaice, ya zagaya rumbunan, ya dawo ya ce, "Gara na cin wancan ta gindi. Na san maganinta, damina uku ina tsare na kawuna." Shi aka ɗauka.

Na ce, "Haba Kaka, na farkon ya fi ladabi. Ba ke kike cewa yabon kai jahilci ba?"

Ta ce, "Ji Maigida da surutu! Kansa ya yaba, ko rumbu ya duba? Mai roƙo sadaka ake ba shi, ba aiki ba."

Na gama karatu bayan rasuwarta, a shekarun da 'yan bindiga suka raba mu da gonarmu. Ci da gidan ya dawo wuyana. Shekara biyu ina rubuta takardun neman aiki, kowace da "ina roƙo cikin ƙanƙan da kai", in jero halin da muke ciki. Shiru. Tun ina jin zafi har na daina jin komai.

Da wani kamfanin sayen hatsi a Funtuwa ya nemi mai kula da sito, rabin shafi na rubuta. Na faɗi inda na ga sanarwar, na ce ina gane masarar da ba ta bushe ba da haƙori, na san yadda ake jera buhu iska ta ratsa, na san ƙwari tun kafin su huda. Ban ambaci gida ba. Aka kira ni, aka ɗauke ni. Mahaifiyata ta yi kuka, ni dai na ce alhamdu lillahi, na nemi ruwa na sha.

Yanzu ni ake miƙo wa takardu a bakin sito, yawanci 'ya'yan manoman da suka baro gonakinsu. Kusan duka durƙuso ne. Ina karantawa, na san a kwandon shara za su ƙare. Kaka ta yi gaskiya, ban musa ba. Amma ba ta taɓa gaya mana inda marayan ya nufa bayan dawarsa ta ƙare ba, mu ma ba mu tambaya ba.