Kwalaben Kawu Tanko

Duk wanda ya taɓa sayen takalmi a butik ɗin Kawu Tanko, wato shagonsa da ke kasuwar Mont-Bouët, ya san gaisuwarsa: "Tsaya, ina tsakiyar yaƙi!" Tsoho da furfurarsa, amma wasan takubba da dodanni na cikin waya ya kama shi. Kuma don taurin kai sai ya zaɓi irin wanda in jaruminka ya mutu, shi ke nan, ba ya dawowa. Shekara uku yana rainon jarumi ɗaya, har suna ya raɗa masa, Ɗanbaba.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Dole ya koya mini wasan, ina so ko ba na so.

"Uwata, sara biyu, ki ja baya. Mai kai na uku kwaɗayi ne ke kashe shi. Kuma ki sayi garkuwa kafin takobi!"

Neman kuɗin wasan kuwa fatauci ya mayar da shi. Ƙashin kura, naman kaza, tsohon sulke, duk sai ya tsince ya kai garin da suka fi tsada. Wallahi da kunnena na ji yana ciniki da ɗan kasuwar cikin wayar.

"Zinariya goma? Albarka! Ƙara dai."

"Kawu, na'ura ce fa, ba ya ji."

"Yana ji sarai. Ni ma haka nake yi wa mutane."

Sai jajayen kwalaben magani masu dawo wa jarumi da ƙarfi. Ya tara su jibgi, bai taɓa shan ko ɗaya ba. Wai na ranar wahala ne.

Ranar da hawan jini ya kayar da shi a butik, Ɗanbaba na kan gada gaban wani ƙaton dodo. Muka kai shi asibiti a taksi, hannunsa na dama ya daina motsi. Da ya farfaɗo, wayar ya nuna mini da ido. An dakatar da faɗan, amma in ta mutu a haka, Ɗanbaba ya tafi. Caji saura kaɗan, abin cajin kuma yana kasuwa.

"Ƙarasa mini, Uwata."

Na ɗauki wayar. Sara biyu, na ja baya. Sara biyu, na ja baya. Sai kwaɗayi ya ɗebe ni na kai na uku. Dodon ya make ni, ran Ɗanbaba ya rage kamar zare.

"Kawu, zan sha kwalba!"

Ya ce, "Sha rabi."

"Ba a shan rabi, Kawu!"

"To sha! Yau ce ranar, sha!"

Uku na kwankwaɗe kafin dodon ya faɗi. Kawu ya yi dariya da gefen baki ɗaya ya ce, "Biyu ma sun isa."

Bayan kwana huɗu ya rasu. Da nake kwashe kayan butik ɗin, na ci karo da gwangwanin madara a ƙarƙashin kantar shagon, cike da ƙwayoyin maganin hawan jininsa, kowace an raba ta biyu. Ashe rabi yake sha, yana tara sauran. Na zauna a ƙasa ina kuka ina yi masa faɗa. Har yau haushinsa bai sake ni ba, kewarsa ma haka.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa, Ka ba shi rahamarKa cikakkiya, ba rabi ba.